Jan Layi, Toka da Hoto Guda

Ku gyara zama, yau da gardama na zo muku, kuma ba zan tashi ba sai kun raba ta.

Akwai wata mata a Tudun Marke, ana ce mata Hansai mai daddawa. Abin da ta rasa gida ne, wanda mijinta ya gina da hannunsa, da rumbunansa, da rijiyar tsakar gida wadda ba ta ƙafewa ko da bazara. Abin da ta samu katangar siminti ce, ba a kwana a cikinta, ba a girki a gindinta, amma ta tsare mata kabarin mijin. Wasu sun ce ta faɗi, wasu sun ce ta ci riba. Ita dai ba ta taɓa gama ciniki ta koma tana cizon yatsa ba. Ba nan gardamar take ba. Gardamar tana kan 'ya'yanta uku, ku bari in kai ku.

A bayan gidan Hansai akwai kwazazzabo. Da can ɗan rami ne da akuya ke tsallakewa, amma kowace damina ruwa sai ya yagi bakinsa ya tafi da shi. Samarin gari kuma suka gano yashin cikinsa na da kasuwa, motocin tifa suka riƙa zuwa suna ɗiba, ramin ya ƙara zurfi, gefensa ya riƙa zubewa. Kusa da gidan akwai maƙabartar gari, da wata tsohuwar bishiyar marke a bakin shingenta. Mijin Hansai, Malam Ila, yana da wata al'ada. Duk ƙarshen damina yakan ɗaura igiyar guga a jikin marken, ya ja ta har bakin ramin, ya ƙulla ƙulli a daidai inda ƙasa ta ƙare. Kowace shekara ƙullin yana matsowa kusa da bishiyar. Mutane na yi masa dariya, suna cewa Malam Ila na auna wa ruwa riga.

Da ya rasu aka binne shi a kusurwar maƙabartar da ta fi kusa da ramin, domin nan ne ya rage da fili. Hansai ba ta taɓa taka ciki ba, mata ba sa shiga. Amma daga ƙofar bayan gidanta tana hango tudun ƙasar. Ita ta ci gaba da jan igiyar.

'Ya'yan duk sun watse. Babban, Hashimu, yana aikin safiyo a Kaduna, shi ke auna filaye ya zana su. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Manya. Ta biyu, Suwaiba, tana koyar da 'yan aji ɗaya a garin da aka kai ta aure. Autan, Nafi'u, yana wani shago a Kano inda ake buga fosta da katin biki. Gidan ya yi wa Hansai yawa. Tukunyar da take dafa wa mutum goma ita take ɗorawa don cikinta ɗaya, tuwon ya kwanta a gindi kamar an manta da shi. Da la'asar takan zauna tana ɓarzar kalwa, tana yi wa awakinta faɗa don ta ji murya a gidan. Karatunta bai wuce ta gane sunanta da lambar jikin takardar kuɗi ba, shi ya sa Nafi'u ya sa mata hoton kowa a kan lambarsa a waya. Sau da yawa takan duba hotunan ta mayar da wayar ƙarƙashin filo ba ta kira ba. Ba ta son a ce ta nema.

Shekarar da ta ja igiya ta ga abin da ya rage tsakanin ramin da shingen maƙabarta bai fi tsawon zaure ba, sai ta danna hoton babban.

"Manya, ban kira don kuɗi ba," in ji ta. "Ruwa zai tono ubanku. Ka san abin yi."

Hashimu ya zo, ya bincika, ya gano ƙofofi uku ne sai an buɗe su kafin a yi wa ramin katanga. Sai mutanen gari sun yarda sun daina haƙar yashi, mai gari ya sa hannu. Sai injiniyoyin birni sun tabbatar haɗarin gaskiya ne. Sai kuma shugaban wani kwamiti mai raba ayyuka ya zaɓi Tudun Marke daga cikin garuruwan da ke layi. Ya auna igiyar ƙulli bayan ƙulli, ya zauna da kwamfutarsa ya haɗa bayani shafi arba'in, da jadawali da taswira da ƙananan rubutu na Turanci. A tsakiya ya zana jan layi mai nuna yawan ƙasar da ruwa ya cinye shekara bayan shekara, layin yana hawa sama. Ya ce da wannan zai buɗe ƙofofin uku gaba ɗaya.

Ya fara da gari. Bayan magariba aka tayar da janareta, aka haska majigi a bangon makaranta, maza a gaba, mata can baya. Hansai ta ɗaura zanenta na salla ta zauna kan kujerarta da ta sa aka ɗauko mata daga gida. Shafi na wucewa, wani na shigowa. Da jan layin nan ya bayyana yana miƙewa sama, sai fuskoki suka washe. A Tudun Marke duk abin da ya yi sama alheri ne, ko gero, ko ginin soro, ko hatsi a rumbu. Shugaban masu haƙar yashi, wani ƙato da ake kira Mudi Shebur, ya miƙe ya gyara hula.

"Allah ya ƙara ɗaukaka, ɗan Malam Ila! Ashe haka muke ta hawa ba mu sani ba?"

Aka ɗauki tafi. Hashimu ya yi ta ɗaga hannu yana cewa ba haka ba ne, ƙarar janareta ta haɗiye maganarsa. Washegari tifa uku suka shiga ramin.

Ya ɗauki shafukan nan dai ya kai wa shugaban kwamiti. Mutumin ba mugu ba ne, amma wakilan garuruwa sun cika masa baranda, kowa da kukansa. Ya yi haƙuri har shafi na bakwai, sannan ya duba agogo.

"Malam, me kake so in yi maka?"

"Ranka ya daɗe, yana shafi na talatin."

Ba a kai shafi na talatin ba.

Hashimu ya dawo ya zauna a zaure ya kasa shiga ciki. Hansai ta aika masa da fura maimakon faɗa, don ba a yi wa ɗan fari faɗa a fuska, kuma ta ga ya rame. Ta koma ɗaki ta danna sauran hotunan biyu. Abin da ta ƙi yi shekara da shekaru ta yi shi a yini ɗaya. To ga abin da kowannensu ya yi.

Hashimu bai zubar da shafukansa ba, ya kai su inda ake cin irinsu. Ya cire duk wani ado, ya rubuta ma'aunin kowane layi a gefensa, ya jera ruwan saman kowace shekara kusa da ƙasar da ta zube, ya ƙara lissafin inda bakin ramin zai kai nan gaba. Ya shiga gaban injiniyoyi. Babbarsu, wata Injiniya Rakiya, ta saba ganin mutane na ƙirƙiro lambobi don a ba su aiki, ba ta yarda da zanen da ya cika kyau. Ta bi jan layin da bakin biro, sai ta tsaya a wani wuri inda layin ya yanke, ya bar fili, sannan ya ci gaba. Ta tambayi dalili. Hashimu ya ce shekarar ce mahaifinsu ya rasu a ƙarshen damina, mahaifiyarsu na takaba, ba wanda ya ja igiya. Ya ce yana iya cike gurbin da ƙiyasi ba wanda zai gane, amma bai auna ba, don haka bai zana ba. Matar ta daɗe tana kallon wannan fili. Daga nan ta daina neman ƙarya a cikin takardun, ta fara karanta su. Ta yi masa tambayoyi har azahar, kowace tambaya akwai shafin da ke amsa ta. A makon suka zo da na'urorinsu suka auna, suka samu lissafinsa daidai, suka rubuta cewa haɗarin gaskiya ne.

Suwaiba ba ta taɓa kwamfuta ba. Ta ce wanda bai saba da allo ba, da ƙafarsa yake karatu. Ta karɓi lissafin yayanta, ta sa ya nuna mata a ƙasa inda bakin ramin zai kai. Ta bi gida gida tana roƙon tokar murhu har ta tara buhuna. Ta san mutanenta, ta san wanda ya wayi gari ya ga toka a ƙofarsa zai ce asiri aka yi masa, don haka ta fara zuwa wurin liman ta yi masa bayani, ta roƙe shi ya riƙe ƙwaryar da hannunsa. Ranar Juma'a da hantsi, liman na gaba tana biye, suka ja fararen layuka uku a cikin gari, kowanne na nuna inda bakin ramin zai kai, ɗaya bayan ɗaya. Layin farko ya ratsa kusurwar maƙabarta. Na biyu ya bi ta tsakiyar ɗakin uwar Mudi Shebur. Na uku ya tsaya a wurin alwala na masallaci. Uwar Mudi ta fito da buta a hannu ta ga toka ta raba mata ɗaki biyu.

"Ke 'yar Hansai, mene ne wannan a ƙofata?"

"Iya, nan bakin ramin zai zo."

"Yaushe?"

Suwaiba ba ta ambaci shekara ba. Ta nuna jikar tsohuwar da ke tsaye da tallan gyaɗa, ta ce, "Kafin ƙanin wannan da ke goye ya shiga makaranta."

Tsohuwar ta ajiye buta, ta shiga ta jawo shebur ɗin ɗanta, ta shimfiɗa shi a ƙofa ta zauna a kai. Mudi ya zo yana, "Haba Iya, direba na jira," ta ce direban ya zo ya ɗaga ta. Mutane suka fito suna bin layin da ƙafa, kowa na neman inda ya bi ta gidansa, ba mai tafi. Bayan sallar Juma'a mai gari ya dangwala yatsa a takarda, aka hana tifa shiga.

Nafi'u shi sana'arsa ita ce tsayar da idon wanda ke wucewa a kan babur. Ya ce mai sauri abu ɗaya yake iya ɗauka, in ka ba shi biyu ya zubar da duka. Ranar tokar, yayin da mutane ke tsaye a kan layin farko, ya hau marken ya ɗauki hoto daga sama: ga bakin ramin baƙi ƙirin, ga farin layi ya shiga cikin kaburbura, ga dattawa jere a kansa sun sunkuyar da kai. Ya zauna da shafukan yayansa ya yi ta cirewa. Hashimu na tsaye a kansa yana cewa, "Kai, wannan taswirar kwana nawa na yi a kanta!" shi kuwa yana cewa, "Yaya, tana da kyau, amma ba ta shiga." Ya rage shafi ɗaya tak. Hoton ya cika shi, a sama da manyan baƙaƙe an rubuta damina biyu suka rage, a ƙasa kuma abin da ake so shugaban ya sa wa hannu. Suka koma wurin shugaban kwamiti. Shugaban ya ɗaga kai da niyyar duba agogo, idonsa ya faɗa kan hoton, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambaya ko injiniyoyi sun gani, aka miƙa masa takardarsu. Ya tambaya ko mutanen gari sun yarda, aka miƙa masa ta mai gari. Ya jawo biro. Shayin da aka zuba masa bai huce ba suka fito.

Murna ba ta daɗe ba. Da injiniyoyi suka zana inda katangar za ta bi, suka ga duk ruwan gari a bayan gidan Hansai yake taruwa kafin ya faɗa ramin. In ana so katanga ta riƙe, sai ta bi ta tsakiyar gidan. Hashimu ya riga kowa gani, domin daga taswirarsa aka fitar. Shi ya shiga ya durƙusa ya gaya mata. Tana tankaɗe, ba ta daina ba.

"Katangar ta gaban kabarin za ta bi, ko ta bayansa?"

"Ta gabansa, Inna. Yana ciki."

"To a turo masu cinikin."

Masu biyan diyya sun sha wuya a hannunta. Tayin farko ko kallon takardar ba ta yi ba, ta ce su sha ruwa su gaida gida. Da suka dawo ta zagaya da su ɗaki ɗaki, tana nuna musu azarar da Malam Ila ya saro da kansa, ta sa suka leƙa rijiya, ta sa suka ɗanɗani ruwanta, ta tambaye su ko a birni ana sayar da irinsa. Ɗayansu ya ce, "Hajiya, gidan ƙasa ne fa." Ta ce, "Da ka zo neman sa ba ka san na ƙasa ba ne?" Sai da suka ƙara, suka sake ƙarawa, suka yarda ƙofofi da azara da kwanon rufi nata ne, suka kuma yarda ba za a taɓa bango ba sai daddawar da ta rufe ta nuna ta shanya ta. Sannan ta dangwala yatsa. Ranar rushewa ba ta tsaya kallo ba. Ta kora awakinta zuwa gidan wata maƙwabciya da ta ba ta aron ɗaki, ta juya wa ƙarar baya, ta yi ta tsince tsakuwa daga cikin kalwar da ba ta da tsakuwa.

Yanzu saura inda za ta zauna. 'Ya'yan uku kowa ya ce shi zai ɗauke ta. Hashimu ya ce shi ne babba, haƙƙinsa ne. Suwaiba ta ce kada a kawo mata zancen zama gidan suruki, don filin da ke jikin gidansu nata ne, da adashenta ta saya, a nan za ta gina mata. Nafi'u ya ce shi bai daɗe da aure ba, gidansa ne ya fi bukatar babba. Da gardama ta yi zafi suka ce to a raba, wata huɗu nan, wata huɗu can. Hansai ta ce ita ba naman layya ba ce da za a kasa ta uku. Wuri ɗaya za ta sauka, ta mutu a can, kuma wurin wanda aikinsa ya fi tsare kabarin ubansu.

Nan magana ta tsaya, don ba a san wanda za a nuna ba.

Ba don Hashimu ba, da Suwaiba ba ta san inda za ta zuba toka ba, kuma rubutun Nafi'u zai zama ihu ne kawai wanda ba mai tsaya masa. Shi ya ƙi cike gurbin da bai auna ba, har masana suka gaskata. Amma shi ne ya sa gari ya tafa wa abin da zai cinye shi, shi ya ɓata zama na farko da shugaba, kuma a zanensa aka ga hanyar da ta bi ta kan gidan.

Ba don Suwaiba ba, da har yau tifa na ɗiba, kuma ba hukumar da za ta gina katanga a ramin da masu shi ke ƙara haƙawa. Ita ta sa waɗanda ba su san baƙi ba suka karanta da tafin ƙafarsu. Amma tokarta ba ta fita daga Tudun Marke ba, yayyafin farko ya wanke ta, kuma ko taki ɗaya na layin ba ita ta lissafa ba.

Ba don Nafi'u ba, da takardar injiniyoyi da ta mai gari suna nan cikin tarin takardun wasu garuruwa, damina biyun su zo su wuce. Shi ya san abin da za a zubar, wanda ya fi sanin abin da za a tara wuya. Amma aikin yini ɗaya ya yi, a kan gumin yayyensa, hoton ma tokar wata ya ɗauka.

Hansai na nan a ɗakin aro, kayanta a ɗaure, ba ta kwance ko tabarma ta biyu ba. Da suka taru a gabanta na ƙarshe, ta faɗi farashinta, ta ce ba ragi.

"Duk wanda aka ba shi ni, ga abin da zai biya. Ɗaki mai ƙofarsa daban, wadda ke kallon titi. Murhuna daban, ba na jiran tuwon matar kowa. Turken awakina inda zan gan su daga kan gado. Kada a tambaye ni ina za ni, kada a ce warin daddawa ya dami baƙi. A kan wannan na sallama gidan Malam, kuma a kan wannan zan sallama kaina. Amma ni ba zan zaɓa ba, ni na haife ku duka. Ku je a raba muku."

Shi ya sa na kawo muku. Mai jan layi, da mai toka, da mai hoto guda: a ƙofar wa za a sauke kayan Hansai?